Yadda na bi diddigin haihuwar tsibirin Surtsey ba tare da na taka shi ba

Ba a yarda kowa ya taka tsibirin Surtsey. Tun 1965 gwamnatin Ayislan ta killace shi, a lokacin aman wutar da ya haife shi bai ma tsaya ba, kuma har yau masu bincike ƙalilan ne ake ba takardar izinin sauka, su ma sai an kakkaɓe musu kaya da takalma kada su shigar da irin wata ciyawa. Ɗalibin digiri na biyu irina, da ya taso daga Najeriya ya zo karatun ilimin duwatsu, ba ya cikin lissafi. Duk da haka aikin da malamarmu ta ɗora mana a zango na biyu a kan Surtsey ɗin ne. Tambaya ɗaya ta rubuta a allo: tsibiri uku ne suka fito daga teku a wannan aman wuta, me ya sa ɗaya kaɗai ya rage? Ta ce amsar littafi ba ta dame ta ba, wadda muka taɓa da hannunmu take so.

Labarin kansa sananne ne a can, yaran firamare ma sun san shi. Da asubar 14 ga Nuwamba 1963 masuntan jirgin Ísleifur II suka hango baƙin hayaƙi yana tashi daga tsakiyar ruwa, kudu maso yamma da tsibiran Vestmannaeyjar da ke kudancin Ayislan. Suka zaci wani jirgin ne ya kama da wuta, suka nufi wurin don kai ɗauki, sai suka tarar teku ce da kanta ke feso toka. Zurfin ruwan a wurin mita 130 ne. Washegari tudu ya leƙo. Aman bai tsaya ba sai 5 ga Yuni 1967, lokacin da tsibirin ya kai faɗin murabba'in kilomita 2.7, tsayinsa kuma ya haura mita 170. A tsakanin nan aka yi masa ƙanne biyu. Syrtlingur ya fito a Mayun 1965, ya kai tsayin mita 70, kafin ƙarshen Oktoba an neme shi ko sama ko ƙasa. Jólnir ya fito a Disambar wannan shekara, shi ma Oktoban 1966 bai bar shi ba. Akwai ma na huɗu, Surtla, wanda ya yi ta tafarfasa ruwa amma bai taɓa fito da kai ba.

Mu uku aka haɗa: ni, da wata 'yar Kenya da ke aikin haƙar tururin ƙasa a ƙasarsu, da wani saurayi ɗan Ayislan da ya tashi a gidan masunta. Tunda tsibirin ya haramta gare mu, dabarar ita ce mu nemi kowane sashe na jikinsa a wani wurin da ake iya zuwa, mu auna, mu ɗebo samfur, mu harhaɗa. Daga ƙasa muka fara.

Gindin tsibiri ba ya ganuwa a teku, amma a Ayislan an yi sa'a yana nan a tudu. A zamanin da ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe ƙasar, duk aman wutar da ya tashi ƙarƙashinta yakan narka ta ya yi wa kansa tafki, sai narkakken dutsen ya fito cikin ruwa tamkar a ƙasan teku. Da ƙanƙarar ta janye ta bar tsaunukan a fili. Ɗaya daga cikinsu, Undirhlíðar, yana kudu kaɗan da Reykjavik, babban birnin ƙasar, kuma masu fasa dutse sun yanka shi sun bar bango tsaye. Can malama ta kai mu ranar farko.

Bangon duk dunƙule-dunƙule ne, baƙaƙe, ɗaya kan ɗaya, wani bai fi ƙwarya ba, wani sai mutum biyu sun kama hannu za su kewaye shi. Masana na kiransu duwatsu masu siffar matashin kai. Aikinmu shi ne mu zaɓi murabba'in mita biyu na bangon, mu zana kowane dunƙule a littafi, mu auna faɗinsa da tsayinsa, mu duba inda gindinsa ya zurma tsakanin na ƙasa da shi, domin wannan zurmawar ce ke nuna cewa da laushinsa ya sauka, kuma ita ke gaya maka ina ne sama a lokacin. Na sa guduma na ɓantari gefen ɗaya. Ɓawonsa gilashi ne zalla, baƙi mai sheƙi, kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba, kuma yana yanka yatsa idan aka yi wasa. Daga ɓawon zuwa tsakiya tsage-tsage ne suka nufi cibiya ta kowane gefe. Narkakken dutse yana fitowa da zafin da ya haura digiri 1,100, ruwan sanyi na taɓa shi fatarsa ta daskare nan take ba ta samu damar yin ƙwayoyi ba, shi ne gilashin. Ciki kuwa yana nan a narke, yana tunkuɗo fatar har ta tsage, wani sabon dunƙulen ya ɓullo ta tsagar.

Abin da ke hana shi fashewa nauyin ruwa ne. Duk mita 10 da ka nutsa, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A zurfin kilomita uku ko huɗu tururi ba ya samun sararin kumbura, don haka aman wutar can ƙasa ba ya da hayaniya, tsiyaya kawai yake yi, shekara dubu kan shekara dubu. Da haka tsibiran Hawai suka tara gindinsu. Tsaunin Mauna Kea da ke babban tsibirin Hawai ya fi ruwa da mita 4,207, amma idan aka auno daga ƙasan teku ya kai kilomita 10. Kudu maso gabas da babban tsibirin ma akwai wani da ke tasowa yanzu, Kamaʻehuakanaloa, wanda saura kusan kilomita ɗaya ya iso saman ruwa.

Har mun fara murna mun samu shafin farko na rahoto, sai malama ta tsayar da mu a bakin mota. Ta ce hoton da ke cikin littattafai, mai matashi a ƙasa, toka a tsakiya, malalar dutse a sama, na tsibirin da ya taso daga ruwa mai zurfi ne. Surtsey a mita 130 ya fara, kuma ramukan binciken da aka haƙa a cikinsa a 1979 da 2017 abin da suka fi fito da shi toka ce da ta taurare. "Ku rubuta abin da kuka gani yau," in ji ta, "amma kada ku aro wa tsibirin gindin da ba a tabbatar yana da shi ba." Na ji daɗin wannan gargaɗi. Mu da aka saba wa haddar zane daga allo, ba kasafai ake gaya mana zanen na wane wuri ne ba.

Sai tafiya Heimaey, tsibiri ɗaya tilo da mutane ke zaune a cikin Vestmannaeyjar. Jirgin fito Herjólfur yana tashi daga Landeyjahöfn, tafiyar ba ta cika minti 40 ba, amma ta isa ta juya wa ɗan tudu hanji. Abin da na iya kallo a hanya shi ne ƙananan tsibiran da muka ratsa, Elliðaey da Bjarnarey, kowanne bango ne a tsaye daga ruwa da koriyar ciyawa a ka. Farin gidan nan guda ɗaya da ake yawo da hotonsa a intanet ana cewa wai wani attajiri ne ya gudu daga mutane, a Elliðaey yake, kuma masaukin mafarautan tsuntsaye ne kawai. Abokinmu ɗan ƙasa ya nuna su da haɓa ya ce duk waɗannan da can irin Surtsey ne, abin da teku ta kasa ci ne muke gani.

A kudu maso gabashin Heimaey akwai ragowar wani tudun toka, Sæfell, da ya fashe daga cikin ruwa wajen shekara 6,000 da suka wuce, iri ɗaya da na 1963. Teku ta cinye rabinsa ta bar mana cikinsa a buɗe. Nan ne aikin gaske yake, kuma nan wankin hula ya kai mu dare, ko da yake a watan Mayu dare ba ya zuwa da wuri a can. Sai agogo ya gaya maka lokacin Magariba ya yi nisa da abin da jikinka ya saba.

Ga yadda ake yi. Ana kafa tef ɗin awo daga gindin bango a miƙe zuwa sama. Mutum ɗaya yana manne da dutsen yana kiran abin da ya gani, ɗaya yana rubutu, ɗaya yana zane da ɗaukar hoto. Kowane shimfiɗi sai an faɗi kaurinsa, da launinsa, da girman tsakuwarsa, da ko ƙwayoyin sun jeru manya a ƙasa ƙanana a sama ko kuwa a cakuɗe suke. Ni aka ba kira. Iska tana kaɗawa ba ji ba gani, fensir kaɗai ke rubutu don biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, yatsuna kuwa sun ƙage har ba na jin madubin hannun da nake riƙe da shi. Shimfiɗun sirara ne, wani santimita biyu, wani biyar, wani bai kai kaurin farce ba, ga su ɗaruruwa. Da farko duk iri ɗaya suke a idona, ruwan ƙasa mai duhu. Sai da muka yi kamar mita ɗaya da rabi ido ya buɗe.

Kowane shimfiɗi fashewa ɗaya ce, ko 'yan kaɗan a jere. Idan bakin aman ya matso kusa da saman ruwa, nauyin da ke danne tururi ya ragu, ruwa yana kwarara cikin makogwaron ya haɗu da narkakken dutse, ya zama tururi farat ɗaya, ya tarwatsa dutsen ya zama gari da tsakuwa. Abin ya lafa, ruwa ya sake shiga, ya sake fashewa. Mun ga inda wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama ya lotsa shimfiɗun da ke ƙarƙashinsa suka lanƙwashe ba su karye ba, shaidar cewa tokar jiƙe take sharkaf lokacin da ya faɗo. Mun ga ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar wake, waɗanda idan ka fasa sai ka ga toka ce ta naɗe kanta zobe-zobe a cikin gajimaren tururi kafin ta zubo. Mun ga shimfiɗun da suka karkace suka hau juna, waɗanda guguwar toka da ke gudu a kan ƙasa ta ajiye, ba daga sama suka sauko ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan dutse ne fari-fari da ya fita daban a cikin baƙaƙen. Da na kanga madubi sai ga ɓaraguzan bawon kifin teku a jikinsa. Laka ce ta ƙasan teku da ta riga aman wutar zama a wurin, fashewar ta tumɓuko ta ta jefo sama.

Da yamma muka shiga gidan tarihi na Eldheimar, inda aka keɓe wa Surtsey sashe, muka kalli hotunan bidiyon 1963. Baƙaƙen harsuna na toka suna harbawa sama daga cikin ruwa, kowanne da duwatsu a bakinsa suna jan jela, farin tururi na bin bayansu har ya kai kilomitoci a sama. Na riƙa kallon kowace harba ina cewa a raina, ga santimita uku nan, ga biyar nan.

A daren ne yayana ya kira daga gida. Na ba shi labarin inda nake, ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai yanzu, wannan abu na Turawa ne kawai ko mu ma yana iya fito mana?" Na ce, "Yaya, ai ya riga ya fito mana tuntuni." Tsibiran da ke mashigin tekun Gini, wato Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon, duk aman wuta ne ya tashe su daga ƙasan teku, kuma a layi ɗaya suke da Dutsen Kamaru da ya yi amai a 1999 da 2000. Layin ya shigo tudu ya bi ta tafkin Nyos, wanda iskarsa ta hallaka mutum sama da 1,700 a 1986, ya kai tsaunukan Adamawa, reshensa ɗaya ya ƙare a tudun Biu. Tafkin Tila da aka kai mu muna ajin digirin farko bakin tsohon aman wuta ne. Ya ce, "Allah ya kyauta. Ka dai riƙa sa rigar sanyi."

Dalilin da ya sa abin ya yi yawa a Ayislan kuwa shi ne ƙasar tana zaune daidai inda manyan fale-falen ɓawon duniya biyu, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, ke rabuwa da kimanin santimita 2 a shekara. Dutsen da ke can ƙasa yana tasowa ya cike gurbin, nauyin da ke kansa na raguwa wani sashensa na narkewa. Ga kuma wani ginshiƙin zafi da ke tunkuɗowa daga zurfi a daidai wurin. Ƙasar gaba ɗayanta tsibirin aman wuta ce, kuma dutsenta mafi tsufa bai wuce shekara miliyan 16 ba.

Kashegari muka hau Eldfell don ganin sashe na uku, wato malalar dutse. Wannan tsauni bai kai shekarun mahaifina ba. Da tsakar daren 23 ga Janairu 1973 ƙasa ta tsage a gefen garin Heimaey. Allah ya sa guguwar da aka yi a jajibirin ta tsare jiragen masunta a tasha, da su aka kwashe mutum sama da 5,000 kafin gari ya waye. Gidaje kusan 400 suka salwanta. Da malalar ta doshi bakin tashar jiragen, wadda ita ce abincin garin, aka yi abin da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce: aka riƙa feso mata ruwan teku, da shawarar masanin kimiyya Þorbjörn Sigurgeirsson, daga baya aka kawo manyan famfuna daga Amurka. Ruwan da aka zuba ya kai tan miliyan 6. Malalar ta tsaya ba ta toshe tashar ba, sai ma ta yi mata katanga daga iskar gabas. Kafin a sanar da ƙarshen aman a Yulin wannan shekara tsibirin ya ƙaru da sama da murabba'in kilomita 2. Yau kana tafiya a kan malalar za ka ga allunan katako ɗauke da sunayen titunan da ke binne ƙarƙashin ƙafarka. Kusa da ƙololuwa na tona jar tsakuwar da hannu, tsawon kamu ɗaya, na ji ɗumi.

Abin da ya kawo mu dai bakin teku ne, inda sabuwar malalar ke karo da taguwar ruwa. A Surtsey, ranar 4 ga Afrilu 1964 ce ranar da tsibirin ya tsira. Tokar ta taru ta kewaye bakin aman har ruwa ya daina shiga, fashewa ta tsaya, narkakken dutse ya fara malala a hankali ya lulluɓe kudancin tsibirin, gefen da taguwar Atlantika ta fi duka. Syrtlingur da Jólnir ba su kai wannan matsayi ba. Ruwa bai daina shiga makogwaronsu ba har wutarsu ta mutu, suka tsaya a tulin toka, ginin ƙasa ne da ba a yi wa yaɓe ba, damina ɗaya ta ishe shi. Haka ta faru da tsibirin da ya fito kudu da Sisili, a kudancin Italiyar yau, a Yulin 1831. Ingila ta kafa tuta ta sa masa suna Graham, Faransa ta ce Julia, sarkin Sisili ya ce Ferdinandea, ana cikin ja-in-ja teku ta share shi cikin 'yan watanni. Su ma 'yan Ayislan an yi musu irinta a 1783, lokacin da sarkin Danmak, wanda ke mulkin Ayislan a wancan zamani, ya yi iƙirarin mallakar wani sabon tsibiri, Nýey, da aka je kafa alama ba a same shi ba.

To amsar ke nan, malalar dutse? Haka biyu daga cikinmu suka so mu rubuta mu huta. 'Yar Kenyar nan ce ta ƙi. Ta nuna mana bangon malalar 1973 da ke gabanmu, duk ya tsattsage tun wajen hucewa, ruwa na shiga tsagar yana ɓamɓaro duwatsu manya kamar firji yana mirgina su. Ta ce idan wannan ne sulken, to sulken ma ciyuwa yake. Da muka koma masauki muka jera taswirorin Surtsey na shekaru daban-daban sai ga maganarta a fili. Tsibirin ya ragu da fiye da rabi tun 1967, kuma gefen malalar ne ya fi zaizayewa. Tuddan toka biyu da ke tsakiya, waɗanda ya kamata a ce su ne masu rauni, suna nan daram. A ranar ƙarshe sama ta washe, muka hau tudun Stórhöfði a kudancin Heimaey muka hango shi da tabarau mai jawo nesa, wajen kilomita 18 daga inda muke: ƙusumbi biyu masu ruwan ƙasa da wata baƙar shimfiɗa a gefe. Iyakar ganina da shi ke nan.

Sauran amsar tana ɗakin gwaje-gwaje a Reykjavik. Mun dawo da samfur iri biyu cikin jakunkunan leda masu lamba: tsakuwar Eldfell da ke warwatse a hannu, da dutsen tokar Sæfell da sai an sa guduma. Asalinsu kusan ɗaya ne, to me ya ɗaure ɗaya ya bar ɗaya? Don a gani sai an mayar da dutse siriri har haske ya ratsa shi. Ana yanka ɗan guntu kamar akwatin ashana da zarto mai haƙoran daimon, ruwa na zuba a kai. Da yake dutsen toka yana da ƙofofi, sai a jiƙa shi da gam a cikin tukunyar da ake zuƙe iskar cikinta, gam ɗin ya ratsa ko'ina, a bar shi ya kwana. A goge fuska ɗaya a kan faranti da garin gugar dutse, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ta yi sumul, a manna ta a jikin gilashi, a yanke sauran. Daga nan sai guga da hannu, kana zagaya yatsu kana dannawa daidai wa daida, har kaurin ya sauko milimita 0.03. Ba a auna wannan da ma'auni, da launi ake ganewa: akwai wani farin ma'adini a cikin dutsen da idan aka sa shi tsakanin matatun haske biyu yakan nuna ruwan ɗorawa muddin da sauran kauri, ya koma toka-toka idan an kai. Dattijon da ke kula da ɗakin ba ya yawan magana. Ya ɗauki gilashinka ya leƙa, ya miƙo maka ya ce "saura", shi ke nan.

Da na ɗora nawa a madubin ƙara girma na ga abin da ya sa aka wahalar da mu. Kowace ƙwayar toka guntun gilashi ce mai kaifin baki, launin shayi marar madara, da 'yan ramukan kumfa a cikinta. Amma gefen kowace ɗaya ya rine ya koma ruwan zuma, kamar an zagaye ta da alƙalami, rinin ya bi har cikin ramukan kumfar. Wannan shi ne falagonait. Ruwa ne ya ci gefen gilashin, ya kwashe wasu sinadarai daga jikinsa, ya je ya zubar da su a sararin da ke tsakanin ƙwayoyin, suka tsiro fararen ma'adinai masu kama da allurai suka cike gurbin. Tulin da da za ka iya ɗiba da cokali ya zama dutse guda, ba shi da tsagar da taguwa za ta sa hannu. 'Yan ƙasar suna kiransa móberg, kuma da shi aka yi yawancin bangayen tsibiran da muka ratsa a jirgi.

A cikin ruwan sanyi wannan canji yana cin dubban shekaru, kuma da can an ɗauka haka yake ko'ina. Surtsey ne ya sauya lissafin. A 1969, shekara biyu kacal da mutuwar wutar, aka fara ganin falagonait a jikinsa, kuma masanin duwatsu Sveinn Jakobsson ya shafe shekaru yana bin yaɗuwarsa. Narkakken dutsen da ya kutsa cikin tuddan tokar ya bar zafi a ciki, ruwan teku da na sama suka riƙa zagayawa suna dahuwa. A ramin 1979, mai zurfin mita 181, an auna zafin da ya kai digiri 140 a wajen mita 100. A irin wannan zafi 'yan shekaru sun isa. Malama ta aro mana gilashi biyu da aka yanka daga dutsen wannan rami, muka jera su da namu. Zoben zumar da ke jikin tokar da ba ta cika shekara 20 ba ya fi na wasu samfuranmu masu shekara 6,000 kauri.

Haka muka tsara rahoton. Malalar dutse ba ita ce ke riƙe da tsibirin ba, lokaci ta saya masa. Ta tare taguwa a shekarun farko, kafin zafi da ruwa su gama ɗaure tokar da ke tsakiya. Ƙannensa biyu ba su samu mai tare musu ba, wutarsu kuma ba ta daɗe ba. Nan gaba teku za ta gama da malalar, abin da zai rage dunƙulen móberg ne mai bango a tsaye, irin Elliðaey, tsuntsaye na sheƙa a kansa. Ko yanzu sun fara: tsiro na farko ya bayyana a bakin ruwan a 1965, tsuntsayen teku suka fara ƙwai a 1970, kuma tun da wani garken ya kafa mazauni a 1986 kashinsu ya mayar da wani yanki kore shar. An ma taɓa tsintar tumatir ya tsiro a 1969, daga bayan-gidan wani da bai bi doka ba, aka tumɓuke shi. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Ranar gabatarwa wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya kawo maganar Tonga, ƙasar tsibirai da ke tekun Fasifik. Tsibirin Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya fito tsakanin Disambar 2014 da Janairun 2015, tulin toka ne ba shi da malalar dutse ko kaɗan, aka yi ta cewa watanni kaɗan zai yi, ya shekara bakwai. Sannan ranar 15 ga Janairu 2022 dutsen da ya haife shi ya sake fashewa, ƙarar ta zagaya duniya, tsibirin ya tashi gaba ɗaya sai 'yan guntaye biyu a gefe. Ya ce to ina ka'idarmu ta tsaya a nan, tunda ya rayu ba sulke, kuma ba teku ce ta ci shi ba? Muka ce tsofaffin tsibirai biyu da ya haɗe sun yi masa garkuwa daga taguwa, wannan ya amsa rabin farko. Rabi na biyu kuwa bambancin gindi ne: Surtsey da 'yan'uwansa kowanne aman wuta ɗaya ne ya yi shi ya mutu, na gaba sai ya ɓullo a wani wurin, shi kuwa na Tonga a gefen bakin wani ƙaton dutse mai rai ya zauna. Malama ta ce mu ƙara shafi ɗaya a kan wannan, mu kuma rage kalmar "kullum" a duk inda muka sa ta, mu kawo ranar Litinin.